Birkin Motar Auta

Inna ba ta yi sallama ba da ta shiga garejin Sifana. Sallama ta mutanen kirki ce, ita kuwa a ganinta ba wajen mutumin kirki ta zo ba. Ta tsallake wata tsohuwar taya, ta yi ƙafa da jarkar baƙin mai har ta tuntsure, ta je ta tsaya a kan wasu ƙafafu biyu da suka leƙo daga ƙarƙashin mota.

"Kai ne Sifana? Fito."

"Wace ce?" in ji wata murya daga ƙasa.

"Uwar wanda ka kashe wa aure ce. Fito na ce, ko in jawo ka ta ƙafa."

Wanda aka kashe wa auren shi ne Auta, ɗanta na ƙarshe. Yana da wata jar mota da Inna ta tsana tun ranar da ta fara ganin ta: ba ta ɗaukar kaya, ba ta ɗaukar fasinja, kujera biyu ce kawai a ciki, ba ta da aiki sai gudu da ƙara. Duk ƙarshen mako shi da abokansa sukan fita wani fili a bayan gari su yi ta tsere kamar waɗanda aka biyo. Ko da ya faɗi a babur bara aka sa masa ƙarfe a gwiwar dama, bai daddara ba. Yana ajiye sanda ya koma.

Sai ga abin da ya faru. Ya dawo daga filin da yamma, matarsa ta fito buɗe masa ƙofar gida kamar kullum, motar ta ƙi tsayawa. Ta matse yarinyar da ginshiƙin ƙofa, ƙugunta ya karye. Inna na tsakar gida ta ji ƙarar, kuma har yau tana jin ta. Daga asibiti yayan yarinyar bai bari an dawo da ita ba, gidansa ya wuce da ita. Da Inna ta je biko ya faɗa mata ba kunya ba tsoro: "In laifin mota ne, a kawo mini wanda ya gyara ta ya faɗa da bakinsa, ku tafi da ita. In kuwa ƙafar ɗanki ce ta kasa taka birki, kuma ya sani ya hau, to ƙanwata ta gama zama a gidanku."

Auta ya rantse birki ne ya ƙi. Ya ce ya taka ya ji kamar dutse ya taka. Wa ya taɓa birkin? Sifana. Inna ba ta nemi ƙarin bayani ba. Yarinyar nan ita ce mai yanke mata farce, ita ce mai sa mata magani a ido, ita ce kaɗai a gidan take yi mata dariya in tana masifa. Ba za ta rasa ta a kan wani mai baƙin hannu ba.

Sifana ya turo kansa waje, ya miƙe yana goge hannu da tsumma. Gajere ne, ga sanƙo, ga tabon ƙuna a damtse.

"Iya, sannu da zuwa. Ya mai jiki?"

"Kada ka kuskura ka tambaye ni mai jiki. Wanke hannunka, ka sa rigar mutane, ka biyo ni. Za ka je ka faɗa wa yayanta cewa kai ka lalata birkin motar ɗana."

"Ni ban lalata birki ba."

"To aljanu ne? Kafin ka taɓa ta, ta taɓa take wani?"

"Kafin in taɓa ta, Iya, ɗanki ba ya iya tsayar da ita ko a tsakar gida."

Masu aikin walda na shagon kusa suka kashe wuta suka matso. Inna ta ji daɗin haka. Dama so take a taru.

"Ku zo ku ji! Mutum ya karya 'yar mutane, yana tsaye yana goge hannu kamar wanda ya gama cin abinci. Kai, in kana da uwa, yau za ka gane ina da baki."

Nan Auta ya shigo yana ɗingishi, gumi ya jiƙa masa riga. Tun daga gida ya biyo ta.

"Inna, don Allah mu je gida. Ni zan yi magana da shi."

"Ka yi magana da shi? Tun yaushe kake cewa za ka yi? Matarka na kwance a gidan wasu, kai kana kwance a ɗaki kana kallon silin. Matsa ka ba ni wuri."

Sifana ya kalli Auta. Auta ya kalli ƙasa.

"Guguwa," in ji Sifana, don haka 'yan tseren suke kiran sa, "ba ka faɗa mata ba ke nan?"

"Sunansa ba Guguwa ba ne," Inna ta katse shi. "Ni na haife shi, ban haifi iska ba. Da ni za ka yi magana."

"To zo, Iya."

Jar motar na can ƙarshen rumfa, gabanta a lotse, fitila ɗaya a fashe. Inna ta kau da kai daga lotsawar. Sifana ya buɗe ƙofa.

"Shiga ki zauna."

"In shiga wannan akwatin gawar?"

"Ba inda za mu je, na ɗaga tayoyin baya. Ke kika ce na lalata birki. Shiga ki taka da ƙafarki, kada ki ce ƙarya na yi miki."

Ta tattare zane ta shiga, ta nutse cikin kujerar har gwiwoyinta suka kusa taɓa haɓarta. Wani mai walda ya yi dariya. Ta juyo ta watsa masa harara, ya haɗiye sauran.

Sifana ya durƙusa a bakin ƙofa. "Motocin masu tsere, Iya, ba irin motar kasuwa ba ne. Motar kasuwa tana da wani abu kamar tukunya a bayan birki, busta muke ce masa. Inji yana zuƙe iskar da ke ciki, sai tukunyar ta taya ƙafarki turawa. Shi ya sa ko ke za ki iya tsayar da babbar mota da ɗan yatsa. Su kuwa waɗannan cire ta suke yi su yar."

"Don ubansu?"

"Sun ce in babu ita ƙafa tana jin abin da taya ke yi, mutum ya san daidai inda za ta zame. Kuma gaskiyarsu ce. Ga shi an rage nauyi, an rage abin da zai lalace. Amma sai mai ƙafa. Sai ka taka kamar za ka fasa ƙasan motar. Ɗanki ya dawo da ƙarfe a gwiwa, ya zo nan ya ce in mayar masa da busta, amma in ɓoye ta inda ba mai gani in an buɗe bonet."

"Me ya sa za a ɓoye?"

"Birkin tsofaffi suke ce mata. Wanda duk aka gani da ita ya shiga uku da tsiya."

Inna ta juya ta kalli Auta. Yana tsaye ya dafa wani tsohon inji, bai ɗago ba.

"Ci gaba," ta ce. "Har yanzu ban ji inda ka fita ba. Kai ka sa tukunyar, tukunyar ta ƙi aiki."

"Na faɗa masa amfaninta, na faɗa masa illarta. Injin nan an yi masa ƙarin ƙarfi. Irin sa in yana gudu ka saki totur, yana zuƙa da kyau. Amma in yana tafiya a hankali, zuƙarsa ba ta isar tukunyar. Bari ki gani."

Ya miƙa hannu ya tayar da motar. Rumfar kwanon ta ɗauki rawa. Injin yana tari yana gurnani kamar zai mutu, sai ya farfaɗo.

"Taka na tsakiya!" ya ɗaga murya.

Ta taka. Abin ya nutse a ƙarƙashin silifas ɗinta, laushi kamar katifa.

"Saki. Sake takawa."

Ta sake. Ya ɗan yi tauri.

"Kuma."

A na uku abin ya ƙi motsi. Inna ta riƙe sitiyari da hannu biyu, ta cije leɓe, ta tura har jijiyar wuyanta ta fito. Ko gezau. Kamar ta taka bakin rijiya.

"Ka ji ko!" ta yi ihu. "Ku shaida! Ga shi nan da bakinsa, ga shi nan da ƙafata! Dutse ne! Abin da yaron nan ya faɗa ke nan!"

"Tsaya, Iya. Bustar da ba a zuƙe iskar cikinta ba, ta fi rashin busta muni, don an riga an sauya tsawon abin takawar ya dace da ita. Na san haka. Shi ya sa na sa famfo na lantarki, mai zuƙa in inji ya gaza."

Ya cusa hannu ƙarƙashin sitiyari, kusa da gwiwarta, ya danna wani abu. Ƙas. Sai wata ƙara ta taso daga bayan kujera, zzzrrr, kamar injin aski ya shiga gwangwani. Ƙarar ta yi ɗan lokaci ta tsaya.

"Taka yanzu. Yi ta takawa."

Ta taka, laushi. Ta sake, laushi. Ƙarar ta dawo, ta tsaya. Ta yi ta takawa har ƙafarta ta gaji, birkin bai yi tauri ba ko sau ɗaya.

Sifana ya kashe motar.

"Da aka jawo motar nan daga ƙofar gidanku," ya ce, "makunnin nan a kashe na same shi."

Inna ta kama ƙofa ta yi ta kokawa da kujerar har ta fito. Mai waldan ya miƙo hannu zai taimake ta, ta buge hannun. Ta gyara ɗaurin zane, ta taka har gaban ɗanta.

"Ɗago ka kalle ni."

Ya ɗago.

"Wa ya kashe?"

"Inna, ba haka..."

"Wa ya kashe?"

"Abokaina ne suka kewaye motar a fili bayan mun gama. In famfon ya tashi kowa zai ji. Na ce bari in kashe, in mun rabu sai in kunna. Sai biyu daga cikinsu suka ce za su raka ni gida, ɗaya ma ya shigo ya zauna a gefena. A babban titi lafiya lau take kamawa, wallahi. Da muka shigo layinmu ne, ramukan nan, na ɗan taka, na ɗan taka..."

"Ka taka ka ƙarar da iskar a kan ramuka, ka zo kan 'yar mutane ba ka da komai."

"Mantawa na yi, Inna."

"Ba mantawa ka yi ba. Kunya ka ji. Kunyar wasu 'yan iska masu wandon roba, waɗanda ko asibiti ba wanda ya leƙo a cikinsu. Kada su ji motarka na kuka su ce gwiwarka ta mutu. To ta mutu! Ni na yi jinyar ta, na san ta mutu! Shi ne ka bar ni ina yawo gida gida ina rantsuwa da Allah a kanka?"

Ta ɗaga hannu. Auta ya runtse ido, ƙato da shi, gemu har ƙirji. Sai ta sauke hannun ba ta mare shi ba. Ta juya kan Sifana, wanda ya fara komawa wajen aikinsa kamar an gama.

"Kai kuma ina za ka? Ka ɗauka ka wanku?"

"Iya, ai kin gani da idonki."

"Na gani. Na ga makunni. Wa ya sa shi?"

"Shi ya ce in sa."

"In ya ce ka sa masa wuƙa a kujera sai ka sa? Ni ban yi boko ba, ban san busta ba sai yau, amma na san ba a yi wa birki makunni kamar fitilar ɗaki. Ka san in an kashe abin nan mota ba ta tsayawa. Ka san mai motar ba shi da ƙafa. Ka san kuma dalilin da ya sa yake son makunnin, don ya kashe ne, ba don ya yi ado ba. Ka sa masa a inda hannunsa zai kai, ka sallame shi ya hau titin da mutane ke bi."

"Na gargaɗe shi. Na ce kada ya kashe sai mota na tsaye."

"Ka gargaɗi mai jin kunya? Da ka haɗa wayar yadda in inji ya tashi famfon ya tashi, da wa zai kashe?"

Sifana ya murza tsumman da ke hannunsa.

"Da ya tafi wani garejin," ya ce a hankali.

"Da ya tafi! Da yau wani nake zagi, ba kai ba. Wanke hannunka."

"Iya, in na je, duka zan faɗa. Ba zan ce birki ya lalace ba, don bai lalace ba. Zan faɗi nawa, zan faɗi nasa."

Auta ya matso da sauri har ya kusa faɗuwa. "Inna, ki saurare ni. Ki bar shi ya ce kawai birki ya yi tauri. Ai ba ƙarya ba ne, ya yi taurin. In Yaya ya ji maganar makunnin nan, shi ke nan, ba zai ba ni ita ba. Kin san shi. Ke ma kina son ta dawo."

Tana so. Allah ya sani tana so. Ta tuna ɗakin yarinyar a rufe, da takalmanta a bakin ƙofa da ba wanda ya iya ɗaukewa. Kalma ɗaya za a rage, yarinyar ta dawo. Ta dawo gidan da mijinta zai ci gaba da kallon ta tana ɗingishi, ya san abin da ya yi, ita ba ta sani ba, Inna kuma ta sani tana zuba mata magani a baki.

"Wuce mu je," ta ce. "Kai za ka faɗi naka da bakinka. Ba bakanike ne zai faɗa a madadinka ba."

A motar haya suka je. Yayan yarinyar ya tare su a falo, bai ba su ruwa ba. Dogo ne, ma'aikacin asibitin dabbobi, mai magana a hankali kamar yana auna ta. Ƙofar ɗakin da ƙanwarsa ke kwance a buɗe take, labule kawai ya raba su.

Sifana ya faɗi nasa, bai rage ba. Ya ce shi ya sa makunnin, kuma bai kamata ya sa ba. Sannan Auta ya faɗi nasa yana kallon kafet. Da ya zo wajen abokin da ke zaune a gefensa ya yi shiru, sai da Inna ta zungure shi da gwiwar hannu ya ƙarasa.

Yayan ya dubi Auta.

"Da ƙafar ce ta gaza," ya ce, "da sai in ce ƙaddara ce da taurin kai. Wannan kuwa da hannunka ka kashe. Inna, ki yi haƙuri, kin girme ni, amma ba inda za ta je."

"Ba kai za ka faɗa ba," in ji Inna. "Ita aka karya."

Ta tashi ta ɗaga labulen. Yarinyar na kwance a rigingine, an tokare ta da matasai, ta rame har idanunta sun yi zuru zuru. Ta ji komai.

"'Yar nan, kin ji. Ban zo in roƙe ki ba. Me kika ce?"

"Inna, ina wuni," yarinyar ta ce, hawaye na gangarawa cikin kunnenta. "Da ya zo asibiti na tambaye shi. Na ce me ya faru da motar. Ya riƙe hannuna ya ce bakanike ne ya cuce mu." Ta juya fuska bango. "Ba zan iya komawa yanzu ba. Ban san ko zan iya ba ma. Ki yafe mini."

"Me kika yi da zan yafe? Rufe mini baki."

Inna ta dubi ɗakin. Kwanon wanka a ƙarƙashin gado, ruwan ciki ya huce. Zanen gadon ya tattare a bayan yarinyar. Gashinta ya cukurkuɗe, da alama tun asibiti ba wanda ya taɓa shi. Ta saki labulen ta dawo falo.

"Wa ke juya ta?" ta tambayi yayan.

"Matata, in ta dawo daga aiki."

"In ta dawo daga aiki! Mai karayar ƙugu za a bari kwance wuni guda a gefe ɗaya? So kuke bayanta ya ruɓe? Ku ne masu ƙwace ta don kun fi mu son ta? A shimfiɗa mini tabarma a ɗakin nan."

"Inna, ai ba sai kin..."

"Ban tambaye ka ba. Ka ce ba za ta je gidanmu ba, na ji. Ba ka ce ni ba zan zauna a naka ba. In kuma za ka fitar da ni, sai ka ɗauke ni, ka ga ko da sauƙi."

Yayan ya kalli Sifana kamar mai neman ceto. Sifana ya kalli silin.

"Kai," ta nuna bakaniken, "ka koma ka cire makunnin nan yau, ka bi duk motar da ka taɓa yi wa irin sa ka cire. Zan aiko a duba. In na ji akwai saura, a bakin garejinka zan kwana ina faɗa wa duk mai shigowa."

"To, Iya."

Auta ya miƙe yana dafa kujera. "Inna, ni fa? Gidan ba kowa."

"Ka je ka zauna a cikinsa. Ka haɗo mini kayana da maganin idona ka aiko, kada ka kawo da kanka. Ranar da ta ce tana son ganin ka, ni zan kira ka. In ba ta ce ba, ba ta ce ba."

Ya tsaya kamar zai ƙara magana. Ba ta jira ba. Ta cire mayafi ta rataye a ƙofa, ta naɗe hannun riga, ta leƙa kicin ta ƙwala wa matar gidan kira, ko tana nan ko ba ta nan.

"A ɗora ruwan zafi! Kuma a nemo mini mataji, kan yarinyar nan ya zama abin tausayi."